Ba Zan Tashi Daga Tabarmar Ciyayya Ba

Zuwa ga Hajiya Tasalla, mai filin shawarwari.

Assalamu alaikum. Hajiya, don Allah ki shiga tsakanina da ɗiyata, don in aka bar mu mu biyu ɗaya zai mutu da yunwa, kuma ba ita ba ce. Ya aiki, ya iyali, ya haƙuri da irinmu? Ki yafe mani rubutun. Na bar firamare ana gab da fara lissafin rabawa, shi ya sa har yau in aka aje mani malmalar tuwo ban san yadda ake raba ta a bar rabi ba. Na ɓoye sunana, na canza na waɗanda zan ambata, ko da yake duk wanda ya san layin 'yan hatsi a kasuwar Batsari, tumbina ya ishe shi shaida.

Ni mutumin wani ƙauye ne wajen Runka. Da kin gan ni a wancan lokacin sai ki rantse kara aka sa wa riga. Gonata na da nisa, da ƙafa nake zuwa, in wuni a duƙe, in dawo da dami a ka. Tuwo kuwa sai na ga ƙasan kwano, kuma ba wanda ya taɓa ce mani tuwo na kisa. Sai abin da ya taso mutane ya taso mu. Ba sai na yi maki bayani ba, kina jin labarin yankinmu. Muka shigo Batsari ni da uwar yara da yara, da tabarmi da tukunya, muka kama ɗaki a unguwar da ban san kowa ba.

A layinmu ana ciyayya. Da an idar da magariba magidanta za su shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Alhaji Uwaisu, dattijon unguwar, a fito wa kowa da kwano daga gidansa, a jera, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na sa hannu. Doka guda ce, kuma ba wanda ya taɓa faɗinta da baki: ba a tsallake kwanon kowa. In ka janye hannu daga kwanon mutum, ko dai ka ce iyalinsa ba su iya girki ba, ko kuma ka ce ba ka yarda da abin da ke fitowa daga gidansa ba. Na biyun nan kuwa ya fi zagi.

Ban daɗe da zuwa ba Alhaji Uwaisu ya yafito ni. Na sunkuyar da kai na nuna masa ba ni da kwanon da zan kawo, ya ce shi hannu ya kira, bai kira kwano ba. Hajiya, damina guda cur na yi ina cin abincin mutanen nan ba tare da ko gaya ya fito daga gidana ba. In an tashi sai a yi kamar an manta da wani kwano a gefena, ni kuma in yi kamar ban gane ba, in kai wa yara. Har yau ba wanda ya taɓa tada maganar. Ranar da Allah ya buɗa mani na samu wurin awon hatsi, kwanon gidana ya fara fita tabarma, sai da idona ya kawo ruwa. Na ce yaji ne ya yi yawa.

To a nan tumbi ya samo asali. Aikin awo ba ya son komai sai hannu da baki. Tun safe ina kan buhu har yamma, in zan je gida ɗan acaɓa, in zan dawo ɗan acaɓa. Shayi mai kauri da safe, madara da sukari sai cokali ya kusa tsayawa da kansa. Da rana lemon kwalba mai sanyi. Da magariba kwanukan layi duka, ga Sammani mahauci, abokin tsokanata, da ba ya zuwa sai da balangu, kuma duk inda kitse yake ni yake tura wa, wai in rama abin da daji ya ci mani. Na kuwa rama har da riba. Ni kaɗai ne ɗan gudun hijirar da in masu rabon tallafi suka zo sai su ɗauka ni ne mai gidan hayar.

Bara na fara jin ƙishirwa kamar mai azumin bazara, ni da buta muka zama 'yan tagwaye. Ido ya riƙa yin hazo. Tafin ƙafata kamar tururuwa na yawo a ciki, har wata rana silifa ya cire a hanya ban ji ba sai da aka kira ni aka nuna mani. Ɗiyata Naja'atu, wadda ke karatun aikin lafiya a Katsina, ta zo hutu, ta soke mani yatsa da wata 'yar na'ura, ta duba, ta dube ni, ba ta ko yi dariya ba, ita da kullum nake sa ta dariya. Washegari ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Likita ya ce ciwon suga ne, jini ma ya hau. Ya ba ni magani, ina kuma sha in na tuna.

Tun daga ranar aka yi juyin mulki a gidana. Naja'atu ta karɓe madafa, uwarta ta yi mubaya'a. An ɓoye gwangwanin sukari inda ko ɓera bai sani ba. Yau kwaɗon zogale, gobe rama, jibi tafasa da wake, tuwon kuwa kamar ƙwan zabo. Ni da na yi shekaru ina yanko wa akuya ganye, yau ni ne akuyar. Amma ban yi gardama ba. Nakan zauna in cinye nawa tas da ladabi, in yi hamdala, in wanke hannu, in ɗauki kwanon gidana in fita ciyayya in ci abinci. Ita 'yar na'urar ce ta tona mani asiri, munafuka.

Sai kuma maganar motsa jiki, wai in riƙa takawa kullum. Na ce wannan mai sauƙi ne, ni da ƙafa ta raina. Wata safiya na fita na miƙi hanyar Karare, ba fartanya, ba buhu, ina wurga hannuwa yadda ta koya mani. Ban yi nisa da bayan gari ba 'yan sintirin unguwa suka tare ni, suka tambayi inda za ni. Na ce ba ko'ina. Hajiya, a ƙasarmu yanzu babu amsar da ta fi wannan muni. Baƙo daga wajen Runka, da sassafe, ya nufi bakin daji, hannu rabbana, kuma wai ba ko'ina za shi ba! Ban ga laifinsu ba, ni ma da ni ne da na kama ni. Suka zaunar da ni gindin bishiya, mutane suka fara taruwa, na ji ana raɗa kalmar nan ta infoma, mai kai wa masu bindiga rahoto, wadda in ta manne wa mutum ba ta fita. Aka aika wa Alhaji Uwaisu. Ya zo, bai yi dogon bayani ba, ya ce wannan kwano ɗaya suke ci da shi kullum, duk mai tuhumarsa ya fara da shi. Nan take aka ba ni haƙuri, aka kaɗe mani riga. A hanyar dawowa ya tambaye ni abin da ya fitar da ni, na ce akuya ce ta ɓace. Ya san ba ni da akuya. Ya gyaɗa kai kawai muka ci gaba da tafiya.

Yanzu ga inda muke. Naja'atu ta ce kafin ta koma makaranta, ko in daina fita ciyayya, ko ita da kanta ta je ta durƙusa gaban Alhaji ta faɗa masa ciwona. Ni kuma na ce ko ɗaya ba za a yi ba. Ba zan daina ba, don tabarmar nan ita ce dangina a garin nan, ita ce katin shaidata, ranar da aka ga wurina ba kowa na koma baƙo. Ba zan janye hannu daga kwanon da ya ciyar da ni ina ba komai ba, a ce ɗan ƙauye ya ƙoshi ya fara zaɓe. Kuma ba za a faɗa masu ba. Na taɓa zama a tabarmar nan ina abin tausayi, na sha wuya kafin na zama mai kwano kamar kowa, ba zan koma ana yi mani sannu ana ware mani ɗan kwano kamar mai jego ba. Ban tsere wa masu bindiga ba don in zo zogale ya mallake ni.

Naja'atu tana karanta filinki, tana ganin girmanki. Ki faɗa mata ta bar ubanta ya ci tuwonsa da mutanensa. Kwana in ya ƙare, ko ganye kake ci sai ka tafi.

Naka,
Ɗan gudun hijira mai tumbi, Batsari.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam mai tumbi. Ka sa ni dariya, amma da na zo wurin silifan nan da ya cire ba ka ji ba, dariyar ta tsaya, kamar yadda ta Naja'atu ta tsaya.

Bari in fara ba ka gaskiyarka. Kada ka bar ciyayya. Naja'atu, in kina karantawa, mahaifinki bai yi ƙarya ba: abin da ya faru a hanyar Karare ya nuna tabarmar nan ba ta cika ciki ce kawai ba. Kuma ba ke za ki kai ciwonsa gaban dattijo ba, wannan magana tasa ce.

Amma, Malam, ita ma tana da tata gaskiyar, kuma ta fi taka gaggawa. Ƙafar da ta fara mutuwa da idon da ke hazo alamu ne da ba a wasa da su. Ciwon suga in aka yi masa taurin kai ba kullum yake ɗauke mutum lokaci guda ba. Yakan fara da yatsa, ko ƙafa, ko gani. Kai da ke gudun a yi maka sannu, ka yi tunanin ranar da za a riƙo hannunka a kawo ka tabarmar.

Ga abin da nake so ka yi. Ka koma wa likita ka faɗa masa maganar ƙafa da ido ɗalla-ɗalla, ba da raha ba. Magani kullum ne, ba sai ka tuna ba. Ka riƙa duba tafin ƙafarka, kada ka taka ƙasa ba takalmi, ko ƙaramin ciwo ka gani ka kai asibiti.

Abinci kuwa, babbar ɓarnarka ita ce ci biyu. Kwanon da Naja'atu ke yi maka, na wake da zogale da rama, a ƙara masa yawa ya zama shi ne kwanon gidanka da ke fita. Ka cika cikinka da shi. Dokar layinku ta ce ba a tsallake kwano, ba ta ce sai an ga ƙasansa ba: loma ɗaya ƙarama, miya ta fi tuwo yawa, ka yaba girkin, ka matsa. Tsokar Sammani ka karɓa kaɗan, kitsen ka bar masa. Lemon kwalba da sukarin shayi kuwa ba su da tabarma, ba kwanon kowa ba ne, ba wanda zai ji haushi in ka rabu da su. Su ka fara sallama.

Tafiya kuma, bar bayan gari. Ka sallami ɗan acaɓa, ka taka daga gida zuwa kasuwa da tiyar awonka a hannu, kowa ya san inda za ka. Ka fara a hankali, da takalmi mai rufe ƙafa. In kun gama cin abinci kada ka kishingiɗa, ka miƙe ka taka zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa don isha'i. Ka ja Sammani, ina da tabbacin shi ma ba kara ba ne.

Saura mai wuyar. Ka sami Alhaji Uwaisu ku biyu, ka faɗa masa da bakinka. Mutumin da ya ɗora sunansa a kanka gaban jama'a, ya kuma haɗiye labarin akuyar da babu ita, ya cancanci gaskiya. Wanda ya iya ciyar da kai damina guda ba tare da ka ji kunya ba, zai iya rufa maka wannan ma. Kalma ɗaya daga gare shi ta isa a daina tura maka kitse, kuma ba zan yi mamaki ba in ka tarar ba kai kaɗai ke ɓoye ƙwayoyin magani a aljihu a tabarmar nan ba.

Taurin kanka ne ya fito da iyalinka daga daji lafiya, ba na so ka aje shi. Ka dai juya shi ga ciwon, ka bar ɗiyarka. Mutanen nan sun ciyar da kai ne don ka rayu. Kada ka maida kwanonsu abin da zai ci maka ƙafa ba da saninsu ba, don ranar da suka gane, wannan ne cin fuskar da ba za su manta ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya yi wa Naja'atu albarka, ya dawo wa yankinku da zaman lafiya har ka sake takawa gonarka da ƙafafunka biyu.

Hajiya Tasalla