Na Ɗauka Faɗuwar Ƙarya Ce

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Sunayen da zan ambata ba na gaskiya ba ne.

Ni ɗalibar aikin jinya ce a Damagaram, gidanmu yana wani gari a yankin Tanut. Duk hutun damina samari suna shirya gasar ƙwallo tsakanin garuruwa, kuma yayana Lawali ne ke horar da ƙungiyar garinmu. Da yake na koyi taimakon gaggawa, sai ya ba ni jaka da bandeji da gorar ruwa, ya ce ni ce likitarsu. Ƙwallo ba ta dame ni ba. Abin da nake so shi ne zaman bakin fili da la'asar, gero ya yi kore ya kewaye mu, hadari na haɗuwa ta gabas, ina rubuta ƴan baitoci a bayan littafina.

Yaya yana da dabarar da kowa a ƙungiyar ya sani. In mun ci kuma lokaci ya kusa ƙarewa, sai ƴan wasansa su riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Alƙalin wasa ba ya iya ƙara lokaci mai yawa, dole ya hura usur kafin kiran magariba. Nawa aikin shi ne jinkiri. "Ke, kar in ga kin yi gudu," in ji Yaya. "Gyara lulluɓi, nemi takalmi, ki taka kamar amarya." Na kuwa iya, har ƙirga takuna nake in ga ko zan wuce na jiya. Isufu mai tsaron gida ya fi kowa iya faɗuwa. In na iso kansa sai ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Likita, in mutu yanzu ko sai an jima?" Ni kuma in ce, "Dakata tukuna, saura minti huɗu."

Ranar wasan ƙarshe, da wata ƙungiya daga wajen Tarka, muna da ɗaya su ba ko ɗaya. Aka bugo kwana, Isufu ya yi tsalle, suka yi karo da wani, ya faɗi kusa da ƙarfen raga. Na ga faɗuwar da idona. Na ga bai yi birgima ba, bai riƙe ƙafa ba kamar yadda ya saba. Amma da na dubi Yaya sai ya yi mini alama da hannu in tafi a hankali. Na durƙusa na ɗaura igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Na buɗe jaka na rufe. Mutanen Tarka suna ihu a tashe shi ƙarya yake, namu suna tafa mini, ni kuwa ina takawa ina murmushi. Taku saba'in da uku na yi.

Da na iso, idanunsa sun kafe, leɓensa ya yi baƙi, yana kakari. Harshensa ya koma baya ya toshe masa maƙogwaro. Na yi abin da aka koya mini, na buɗe masa hanyar iska, ya ja numfashi. Sau nawa aka gaya mana a aji cewa ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska? Ni da nake rubuta wannan a jarrabawa? Minti nawa na ci, biyu ne ko huɗu? Har yau ban sani ba.

Aka kai shi Tanut, daga can Damagaram. Likitan da ya karɓe shi ya tambaye ni yaushe aka kai masa ɗauki bayan ya faɗi. Na ce, "Nan take." Ya ce ba don ni ba da sai gawa. Isufu ya rayu, amma hannunsa na dama ba ya ɗaguwa, magana kuma da ƙyar take fita. Maƙwabta ne suka girbe masa gona.

Sau ɗaya na tayar wa Yaya da zancen. Ya ce, "Kin tabbata da kin yi gudu zai tashi lafiya? Buguwar kai kaɗai tana yin haka, ke kin fi ni sani. Ƙaddara ce. Ki yi shiru, in kin buɗe baki ni da ke ba mu da wurin zama a garin nan." Gaskiya ya faɗa, ban tabbata ba. Amma na tabbata na ga bai yi birgima ba.

Wata bakwai ke nan, ban yi kuka ba ko sau ɗaya. Ina cin abinci, ina zuwa aji, ina cin jarrabawa. In mutane suna yabona sai in ji kamar labarin wata suke yi, wadda ban sani ba. Mahaifiyar Isufu tana aiko mini da cuku har makaranta, in karɓa, in raba wa ƴan ɗakinmu, in buga waya in yi godiya.

Yanzu na zo gida hutu, kuma matar Isufu ta haifi mace. Jiya da hantsi mahaifiyarsa ta shigo gidanmu, ta kama hannuna biyu ta ce, "Ƴata, mun gama magana, sunanki za a raɗa mata. Shi da kansa ya zaɓa. Sai da ya yi ta fama kafin sunan ya fita daga bakinsa, amma bai bari kowa ya taya shi ba." Na ce, "Allah ya raya, Inna."

Saura kwana huɗu suna. In na faɗa musu, zan ɗora wa mutumin da ba ya iya ɗaga ƴarsa da hannu biyu wani ciwon da ba ni da maganinsa, in kuma tona wa yayana asiri. In na yi shiru, yarinyar za ta tashi ana gaya mata sunan wadda ta ceci ubanta aka ba ta, kuma ni ce zan riƙa amsa gaisuwarta.

Jama'a, me zan yi?