Cibiyar Balaraba

Jidda, 3 ga Maris, 2009

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar nan taki? Ya Rakia da yara? Ni lafiya lau, an sabunta mini iƙama, takardar zama, ki kwantar da hankalinki.

Inna, kafilina, maigidan da nake wa tuƙi, ya yi baƙuwa, wata Baturiya, Madam Orla, daga Ailan, wata ƙasa kusa da Ingila. Littattafai take rubutawa. Ashe a nan Jidda aka haife ta a 1976, lokacin babanta yana aikin tashar jirgin ruwa, aka tafi da ita tana da shekara huɗu. Iyayenta sun rasu. Yanzu tana rubuta labarin yarintarta, ta zo neman gidan da aka haife ta, kuma Juma'a bizarta za ta ƙare.

Kwana uku ina tuƙa ta ita da tafinta, Abdulghani, mai digiri biyu. Mun zaga unguwar Aziziyya lungu-lungu, ba komai. Abin da ta riƙe kawai: bishiya a tsakar gida, da wata mata mai ɗaura ta a baya tana kiranta da wani suna. Jiya ta faɗi sunan a mota. Abdulghani ya ce ba Larabci ba ne, shirmen yara ne. Inna, Balaraba ta ce!

Na daure har muka tsaya a danja, sannan na roƙi Abdulghani ya tambaye ta ko ranar Laraba aka haife ta. Ya yi dariya. Ta duba wayarta, ashe Laraba ce, fuskarta ta yi ja har kunne. Na ce sunan namu ne, yadda ke ma kika sa mini Nomau don na zo lokacin noma. Wadda ta goya ta Bahaushiya ce.

Ki taya mu addu'a.

Ɗanki,
Nomau

Jidda, 7 ga Maris, 2009

Zuwa ga Innata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. A gaishe da kowa.

Laraba na wuni a unguwar Sa'alaba wurin tsofaffinmu masu sayar da gyaɗa. Ban tambayi gida ba, na tambayi wa ta taɓa goyon 'yar Bature mai jan gashi. Wannan ta tura ni wajen waccan, har aka kai ni ɗakin Hajiya Mariyamu, wadda idonta ya yi rauni. Kafin in rufe baki ta tambaye ni ko Balaraba ta daina tsotson yatsa.

Alhamis na haɗa su. Ba mai jin yaren wata. Hajiya ta shafa kan Madam Orla, ta yi faɗan wai ta rame, ba a ba ta abinci a can. Ni na koma tafinta, Abdulghani yana jiran abin da zan ce kafin ya juya.

Hajiya ta kai mu wurin. An rushe gidan, shi ke nan, motoci ake ajewa. Madam Orla ta tsaya tana kallon kwalta, na ji ba daɗi. Sai Hajiya ta lalubi bishiyar dogon yaro da ke gefe, ta ce ranar da cibiyar jaririyar ta faɗi, uwar ta jefa a kwandon shara. Ita ta tsince ta a ɓoye, ta wanke, ta binne a gindin bishiyar nan, don ba a zubar da ta mutum kamar ta akuya.

Da aka juya wa Madam Orla, ta cire takalmi ta zauna a ƙasa.

A filin jirgi ta tambayi yadda ake rubuta sunana. Ni na karɓi biron. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, Inna, amma da hannuna na rubuta mata.

Naki har kullum,
Nomau