Jirage Bakwai da Fasfona a Aljihun Tebur

Zuwa ga mai girma kafilina, wato ubangidan da nake zaune a ƙasar nan ƙarƙashin sunansa, tsohon matuƙin jirgin yaƙi, Madain Fahd, Jidda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ranka ya daɗe, ni ne direbanka Ilu, mutumin Damagaram. Na rubuta da Hausa don abokan majalisarka ba sa ji. Kai kuwa jikan Bakatsiniya ne, kana ji sarai, sai fa in an zo maganar tafiyata.

Na ɗaya. Ran da na kama aiki, jiragen abokan gaba biyu ka ce ka kakkaɓo a yaƙi. Da ka yi ritaya suka koma huɗu. A azumin bara, muna tsaye a danja a unguwar Bani Malik, ka harbo na bakwai. Ban taɓa ganin maharbin da namansa ke haihuwa a tukunya ba sai kai.

Na biyu. Duk majalisar Alhamis, in labarinka ya kai inda ka kifa jirgi cikin gajimare, sai ka waiwayo ka nemi shaidata, ni kuma in gyaɗa kai, alhali lokacin yaƙin ina noman gero a garinmu. Ba wannan sana'ar aka rubuta a iƙamata, takardar izinin zamana, ba.

Na uku, shi ne mai ciwon. Tun babbar Sallah aka aiko mini cewa mahaifiyata tana kwance, ba ta cin abinci, sunana take kira. Fasfona yana aljihun teburinka, ƙarƙashin lambobin yabo. Takardar fita da dawowa sa hannunka kaɗai take jira, amsarka kullum bukura, inshallah, wato sai gobe. Mutumin da ke yanke shawara kafin ƙiftawar ido a sama ya kasa ɗaga biro a ƙasa. Na san dalili: in na tafi, wa zai gyaɗa kai? Wallahi raina ya ɓaci, kuma tsoro nake ji kada in iske kabari.

Roƙona ka sa hannu kafin Alhamis. In ba haka ba, zan zo majalisa kamar kullum, in zuba wa baƙi gahawa, in ka waiwayo kuma in ɗaga musu yatsu biyu.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ja zamaninka, Ya tsayar da jiragen nan a bakwai. Ni ɗaya tak nake nema, na fasinja, wanda zai sauke ni gida tsohuwa tana da sauran numfashi.

Wassalam.

Direbanka, Ilu, unguwar Nuzla.