Hoton Inna da Sarƙar Zinare

Legas

Ƙanwata Batul,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, yaya jikin Inna? Na sa Titus, mai zanen nan na unguwar Bolari, ya zana mini ita. Zai kawo hoton gida ranar Asabar. Ki rataye shi a ɗakinta, inda za ta riƙa gani. Ki gaishe ta da kyau.

Yayanki,
Mudathir

Kumbiya-Kumbiya, Gombe

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Jiki da sauƙi, sai dai mantuwar ta ƙaru. Jiya ina mata wanka ta tambaye ni 'yar gidan wa ce ni.

Hoto ya iso. Na ga wata mata cikin leshi da sarƙar zinare, a kan kujerar alfarma irin ta mutanen GRA, da jariri a cinya. Fuskar ta Inna ce, amma hannuwan ba nata ba ne. Ina tabon man ƙosan da ta soya a bakin tasha? Kuma yaushe Inna ta sami zaman ɗora ɗa a cinya? A goye muka girma.

Ka huta lafiya,
Batul

Legas

Batul,

Gaisuwa mai yawa. Ba ki fahimci zanen ba. Zinaren darajarta ce, ba kayan akwatinta ba. Kujerar hutun da ba ta samu ba ne. Jaririn kuwa mu ne duka. Tabon ni na ce a cire, don ba na iya kallonsa. Na so ta ga kanta yadda ta cancanta ko sau ɗaya. Aiki ya riƙe ni, amma ina nan tafe in Allah ya so.

Naki,
Mudathir

Kumbiya-Kumbiya

Yaya,

Barka da aiki. Na rataye shi. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta gyara mayafi ta ce, "Batul, kawo wa baƙuwa ruwa." A ranar ta tuna sunana. Yanzu kullum sai ta gaishe da matar, kuma ba ta yarda ta kwanta a gabanta, wai kunya take ji. Sai in zauna da ita har ta gaji.

Kada ka ƙara aiko da komai. Ka zo ka karɓe ni kwana biyu, in yi barci.

Ƙanwarka,
Batul