Kujerun da Aka Ba Baba Odessa da Baba Verlene

Zuwa ga: Alhaji Nashiru Damata, Sakataren Ƙungiyar Zumunci ta Tudun Alheri, Stratford
Daga: Kachollom Mordecai, mamba
Ranar: 28 ga Oktoba, 2024

Game da: Yadda aka zaunar da baƙinmu a taron tarihin baƙar fata

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. 'Yata Zion, mai shekara shida, ta tambaye ni a cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da Turanci kuma da ƙarfi, ko Turawan nan na Amurka ne suka biyo su Baba Odessa har London suka sake mayar da su baya. Shi ya sa na kawo maka tambayar.

1. Baba Odessa da ƙanwarta Baba Verlene maƙwabtana ne. Suna yara a Amurka aka kai su makarantar da ta hana baƙar fata, aka tofa musu yawu, ba su juya ba. Ni na roƙe su su zo su gaya wa yaranmu, ni na yi musu booking ɗin mota.

2. Ranar 26 ga wata, mai tsaron ƙofa ya nuna musu ƙofar mata, ta wajen kicin. Babban tebur, in ji shi, na iyayen ƙungiya ne. Aka ajiye su bayan kulolin shinkafa.

3. Daga nan maza bakwai suka yi jawabi a kan illar wariya. Na yaba musamman da na Ma'aji, wanda har ya share hawaye. Kafin a gama gabatar da manyan baƙi lokacin hayar hall ɗin taron ya ƙare. Baba Verlene ta ninke takardar jawabinta, ta taya mu kwashe faranti.

4. Da na yi magana, aka ce al'ada ce, ba da wata manufa ba. Baba Odessa ta ce haka aka gaya musu a can ma.

Ranka ya daɗe, ba na son 'yata ta girma tana zaton wurinta kusa da kula ne. Ina roƙon a ba su haƙuri a rubuce, a sake gayyatarsu ranar 9 ga Nuwamba, su fara magana kafin kowa ya taɓa makirufo.

Ina kuma ba ka shawara, don Allah kada ka yi jinkiri. Jiya sun tambaye ni inda ofishinka yake, sun kuma sayi kujerun ninkewa biyu. Matan nan sun taɓa kwana a hannun 'yan sanda saboda ƙin tashi, kuma yanzu sun yi ritaya, ba inda za su.

Huta lafiya, tare da ladabi,
Kachollom Mordecai