Wanda Ya Tashi Ɗauko Lemon Tsami

Litinin, 4 ga Disamba

'Yata Radka ta bugo waya. Wai ita da mijinta Zbynek za su zo cin abincin jajiberin Kirsimeti kamar kowace shekara. Na ce to. Da na ajiye wayar sai na ga saura mu uku. Ba a zama mutum uku a teburin jajibere, dole a ƙara faranti na huɗu ko da babu mai ci a ciki. A gurbin mijina Ota ke nan.

Yau wata uku da binne shi.

Alhamis, 7 ga Disamba

Injin ɗumama gida yana ta ƙyafta jar fitila. Na danna nan, na danna can. Ota in abu ya ɗaure masa kai sai ya ce, “Wannan ƙauyen Sipaniya ne.” Shekara arba'in ina jin haka a bakinsa, ban taɓa tambaya me ya haɗa mu da Sipaniya ba, mutumin da bai taɓa wuce Brno ba. Yanzu gidan nan gaba ɗaya ƙauyen Sipaniya ne. Na saka rigar sanyinsa.

Asabar, 9 ga Disamba

Bari in rubuta, tunda ba mai gani.

Kowa ya sani, in an zauna cin abincin jajibere ba a tashi sai an gama, a tashi tare. Wanda ya riga tashi ba zai ga wata Kirsimeti ba. Kakata har igiya take ɗaure ƙafafun tebur da ita. Bara na manta lemon tsami a kicin. An zuba soyayyen kifi, sai bakina ya ce, “Ota, lemo.” Ya tura kujera ya tafi. Sai da na ji ƙarar kujerar na tuna.

A watan Satumba ya faɗi yana faskare.

Ni ce na aike shi.

Laraba, 13 ga Disamba

Jarmila ƙanwarsa ta zo da kek. Na yi ta kewaye-kewaye, can na tambaye ta ko ta yarda da zancen tashi daga tebur. Ta ce, “Draha, ke dai da mai da sauro raƙumi. Zancen tsofaffi ne.” Ta ce likita ya faɗa, zuciya ce da sigari. Har na fara samun sauƙi. Tana ɗaura gyale a bakin ƙofa sai ta ce ita dai ba ta yarda ba, amma shekara sittin ba ta taɓa tashi ba.

To wanne zan kama?

Lahadi, 17 ga Disamba

Na ɗauko farantinsa daga saman kabad na mayar. Sau uku.

Juma'a, 22 ga Disamba

Na sayo kifin jajibere a dandalin garin Tabor. Ota kuwa rayayye yake kawo shi gida, ya sake shi a bahon wanka kwana biyu, yana kiransa Ranka ya daɗe Magajin Gari, mu kuwa ba wanka. Bana na ce mai kifin ya yanka a can. Na dawo na tsaya ina kallon bahon, wayam.

Na yi niyyar ce wa Radka su zauna a gidansu. In wani ya sake tashi fa? In na faɗa mata dalili, da wane ido za ta dube ni?

Asabar, 23 ga Disamba

Sun iso da hantsi. Muna feraye dankali ni da Radka, Zbynek yana fama da injin ɗumama gida. Na ga wuƙarta ta tsaya. Ta ce tana da magana, kada in tsane ta. Wai bara ita ce ta ce, “Baba, babu gishiri,” shi ne ya tashi. Wata uku ba ta barcin kirki.

Na ce a'a, lemo ne, ni ce. Ta ce gishiri ne. Har muka fara musu, kowacce tana jan laifin kamar bargo. Zbynek ya leƙo da baƙin mai a hannu ya ce, “Mama, ku yi haƙuri, karenku ne ya yi ta karce ƙofa. Baba ya je ya buɗe masa, ya dawo da kwalbar giya.”

Ni na tuna lemon a hannunsa, rawaya shar. Radka ta tuna gishiri. Ko duka ya ɗebo? Zai iya. Bai taɓa dawowa daga kicin hannu rabbana ba.

Yanzu ban san komai ba. Mun yi kuka a kan dankalin, ya sha gishiri.

Litinin, 25 ga Disamba

Jiya da tauraron farko ya fito muka zauna. Faranti huɗu. Na duba komai sau biyar: burodi, zuma, gishiri, kwaɗon dankali. An zuba kifi.

Babu lemo. Ban san yadda aka yi ba, na yanka shi da hannuna na bar shi a kicin.

Ba wanda ya motsa. Radka ta riƙe gefen tebur. Can Zbynek ya ce, “Ai cewa aka yi a tashi tare. Ba a ce sai sau ɗaya ba.” Ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, muka miƙe. Mu uku manya, riƙe da hannun juna, muka matsu a ƙofar kicin saboda lemo guda, kare yana bin mu. Wani ya yi dariya. Radka ta ce ni ce. Ban tuna ba.

Ban san ko hakan ya halatta ba, babu kuma wanda zan tambaya.

Da safe na wanke farantin Ota duk da ba a ci a ciki ba. Na sa shi cikin sauran, ba a saman kabad ba. Wurin ya fi sauƙin kaiwa ne kawai.