Muryar Inna a Kan Tankin Ruwa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon bayan nan da kake yawan kuka da shi, ya sa albarka a aikinka, ya tsare ka a inda kake. Mu nan muna nan, sai godiya. Autarmu ta sauka lafiya, an samu mace, ta kwaso kunnuwan ubanta kaf, Allah ya raya ta. An sallami Kawu daga asibiti, yana takawa da sanda, bakinsa kuwa lafiya ƙalau, har ya koma faɗa da maƙwabta. Ni ma ina nan ni da keken ɗinkina, idanu ne dai suka fara ja da baya. Maganar Baba kuma zan zo kanta, don ita ce ta sa na zauna rubutu.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Dalilin shi ne, duk ranar da na fara magana mai nauyi a waya sai layinka ya lalace, amma ban taɓa jin ya lalace ba idan labarin haihuwa ne ko na aure. Na ga abin da ka rubuta a zauren iyali na waya ƙarƙashin hoton ɗanka, wanda aka ɗauke shi a bajekolin kare muhalli na unguwarmu, ya ɗaga hannu sama, tsuntsuwa tana tashi daga keji. Ka ce kanka ya yi girma, ka ce ɗan nan kai ya gado, ka kuma ce in sa a wanke hoton a saka a firam a rataye wa Baba a ɗakinsa. Gaskiyarka, kai ya gado. Amma ban yi zaton za ka kalli hoton nan ka kasa gane tsuntsuwar ba, Yaya. Akun Inna ce.

Bari in tuna maka, tunda ka daɗe rabonka da gida. Akun nan ta girmi ɗanka. Inna ce ta raine ta tun gashinta bai gama fitowa ba, tana kiran ta Magulmaciya, don babu abin da za a faɗa a tsakar gida ba ta kwashe ba. Ta iya ƙarar ƙofar bayi, ta iya tsakin Kawu, amma abin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne muryar Inna. Da ta ji an buɗe murfin kwano sai ta kira Malam, wato Baba, ya zo ya ci kafin abinci ya huce, da muryar Inna sak, har da jan ƙarshen kalmar nan da take yi idan ta fara gajiya da jira. Bayan rasuwar Inna, wadda ba ka samu zuwa ba saboda aiki, Baba ya daina cin abinci. Idanunsa sun riga sun tafi, ƙafa ta ƙi, babu irin lallashin da ban yi ba. Rannan na buɗe kwano a gabansa, akun ta yi kira daga baranda, sai ya ce na'am, ga shi nan zuwa, ya miƙa hannu ya ci. Tun daga ranar haka muke yi. Ba wai ya ruɗe ba ne, ya san sarai matarsa tana ƙasa. Ya taɓa ce min shi dai a bar shi ya amsa. Kai ma duk sanda ka kira sai ka ce a kai maka wayar bakin keji ka ji Inna, kana cewa idan ka zo za ka naɗi muryar da na'ura mai kyau. Mu da muke jin ta safe da yamma kuwa ba wanda ya yi tunanin naɗa.

To, sai ga bajekoli. Ɗanka, wanda ka bar mana a gidan nan don ya gama karatu, shi matasan unguwa suka naɗa shugaban kwamitin shirya taron, kuma tun daga nan muka shiga uku. Ya hana mu leda, ya hana ƙona shara, ya ajiye mana bokitai a ƙofar kicin kowanne da irin dattin da za a zuba masa. Ban ƙi ba, don wasu abubuwan gaskiya ne, kwatar bayan gida ma ta daina toshewa. Har na yarda na shiga rumfar mata, na ɗinka jakunkunan cefane da ragowar ƙyallayen da suka cika min ɗaki. Amma sai ya sa wa kejin ido. Kullum ya wuce baranda sai ya ce abin kunya ne a ce gidan shugaban kwamiti da tsuntsun daji a kulle, wai irinsu suna ƙarewa a duniya saboda masu kamawa. Na ce masa wannan dai ba ta san wani daji ba, dajinta shi ne igiyar shanya, ita ma daga nesa take hango ta. Ya yi murmushin nan nasa na wanda ya yi karatu yana magana da wadda ba ta yi ba, na ɗauka maganar ta wuce.

Ranar taron na riga kowa fita don shirya rumfa. Daga baya na ji yadda aka yi. Ya shiga wurin Baba ya durƙusa, ya ce masa an kawo likitan dabbobi filin makaranta yana duba su, yana so ya kai akun a duba mata ƙafar nan da take ɗagewa. Baba ya sa masa albarka. Ya kuma ce masa ya rufa mata zane kada hayaniya ta firgita ta, ya kuma dawo da ita kafin abincin rana. Ka riƙe wannan, Yaya, albarka ya karɓa kafin ya ɗauki kejin.

Ba zan rage wa taron komai ba, ya yi kyau. An jera rumfuna a filin makarantar firamare tun daga bakin ƙofa har gindin tankin ruwa. Ga masu raba dashen itatuwa a 'yan ledoji baƙaƙe, ga murhu mai tsimin itace ana tafasa ruwa a kai don mutane su gani da idonsu, ga fitilu masu caji da hasken rana, ga wani dattijo yana nuna yadda ɓawon kayan miya ke komawa taki. 'Yan makaranta sun yi kujeru da tsofaffin tayoyi, sun rera waƙa a kan kada a sare bishiya. Jakunkunana sun ƙare tun rana ba ta yi zafi ba, ina ta washe baki kamar wata yarinya. Babban baƙo, wani mai farar mota daga wata ƙungiya, ya dasa bishiya, aka riƙe masa lema aka zuba masa ruwa ya wanke hannu. Sai mai sanarwa ya ce kowa ya matso, yanzu za a yi abin da ya fi komai muhimmanci a taron.

Zanen na fara ganewa, don ni na wanke shi. Ɗanka ya hau dandamali da kejin a rufe, ya karɓi lasifika, ya yi jawabi mai daɗi a kan cewa kowace halitta tana da haƙƙin sararin sama, kuma gyara daga gida yake farawa, shi ya sa ya fara da gidansu. Ina kutsawa cikin mutane ina kiran sa, amma wa zai ji ni? Ya yaye zanen ya buɗe ƙofa. Akun ba ta fita ba, ta maƙale a lungu tana rawar jiki. Sai ya sa hannu ya fizgo ta, ta cije shi, ya wurga ta sama. Daidai nan aka ɗauki hoton da ya faranta maka rai. Ta yi ta fafutuka da fukafukan da ba su saba ba, ta kusa faɗowa kan mutane, da kyar ta kai saman tankin ruwa ta manne a bakin ƙarfen. Wurin ya yi tsit, ana jira a ga ta nufi daji. Sai ta buɗe baki ta kira Malam ya zo ya ci kafin abinci ya huce.

Yaya, filin nan gaba ɗaya ya fashe da dariya. Ta sake kira, suka sake dariya har da tafi. Sannan ta yi tarin nan, tarin Inna na ciwonta na ƙarshe, mai jan numfashi a tsakiya, wanda kai ba ka ji shi a bakin mai shi ba. Mai sanarwa ya ce tsuntsuwar godiya take wa kwamiti, har ta shaƙe don murna. Babban baƙo ya dafa cikinsa yana dariya. Na tsaya a gindin tankin ina miƙa hannu ina kiran ta yadda Inna ke yi. Ta leƙo ta gan ni, ta taka nan ta taka can, amma ba ta san yadda ake saukowa ba, ba ta taɓa hawa abin da ya wuce kan ƙofa ba. Na ce a kawo tsani. Tsani ɗaya ne a filin, shi aka ɗaure ƙyallen sanarwar taron a jiki, ɗanka ya ce ba za a kwance ba sai baƙo ya tafi, in yi haƙuri kada in ba shi kunya a gaban mutane. Kafin baƙo ya tafi hankaki sun zo. Suka yi mata ca, suna kai mata sara, suka kora ta ta bayan katanga. Abin da na ji na ƙarshe shi ne tana kiran Malam.

Washegari maigadin makaranta ya same ta a bayan ajujuwa, tururuwa sun riga shi. Ɗanka ya karɓa ya binne ta a gindin bishiyar da baƙo ya dasa. Da ya dawo na tsare shi a zaure, ya ce min shi ma bai ji daɗi ba, amma in duba, aƙalla ta mutu cikin 'yanci, kuma jikinta zai ciyar da bishiya. Ban mare shi ba. Na so, Allah ya sani, amma na tuna ba ni na haife shi ba.

Baba bai yi faɗa ba, ka san shi. Ya tambaya sau ɗaya ko likitan bai gama ba ne, na faɗa masa gaskiya, ya juya fuska bango. Na buɗe kwano, na rufe, na sake buɗewa, baranda shiru. Haka muka yi ta yi har wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa, likita ya zo ya ce in ba a samu ya ci ba sai dai a kwantar da shi a sa masa ruwa. Na gwada kwaikwayon muryar Inna da kaina daga bayan labule, ya ce in bari, ba kyau.

Ɗanka ne ya kawo dabara, don ba a raba shi da dabara. Ya ce ai an ɗauki bidiyon taron, muryar tana ciki. Ita ke nan a duniya, babu wata. Ya ce zai yanke dariyar ya bar kiran kawai, ya yi ta fama da wayar, abin ya gagara, don dariyar a kan muryar take, ba a bayanta ba. Na ce to ya kawo haka nan. Na kuma ce shi zai riƙa riƙe wayar da hannunsa, safe da rana da yamma, a durƙushe a inda ya durƙusa ya karɓi albarka. Ya ce yana da lacca, na ce lacca ta jira. Ranar farko da aka kunna, Baba ya ce na'am, ya miƙa hannu ya ci loma kaɗan. Yanzu a kan haka yake rayuwa. Inna ta yi kira, jama'a su tuntsire, ta yi tari, a yi tafi, ɗanka yana durƙushe kansa a ƙasa hawaye na ɗiga a kan wayar. Ya roƙe ni in karɓe shi ko na yini ɗaya ne, na ƙi. Na san za ka ce na cika tsanani. Ina jin daɗin ganin sa a haka, ba zan ɓoye maka ba, kuma ban nemi gafarar wannan ba tukuna.

Jiya da rana, bayan ya ci abin da zai iya, Baba ya riƙe hannuna ya tambaye ni su wane ne waɗannan da ke yi wa matarsa dariya kullum tana tari. Ɗanka ya ɗago yana girgiza min kai. Na ce masa baƙin jikansa ne. Na ƙara da cewa babban ɗansa ma ya gani daga can, ya ce kansa ya yi girma, har ya ce a rataye masa hoton a ɗaki. Baba ya ce a rataye, ai shi ba ya gani. An rataye, yana saman gadonsa, daidai inda kai za ka gan shi idan ka shigo.

Ka gaishe min da matarka da kyau, ka ce na gode da maganin ido. Ka shafa min kan 'yan biyu da ƙaramarsu. Kawu yana gaishe ka, Autarmu da mijinta suna gaishe ka, Gwaggo ta ce a faɗa maka tana sa ka a addu'a. Na faɗa wa Baba ina rubuto maka takarda, na jira, bai ba da saƙo ba. Idan ka kira kada ka ce a kai maka wayar baranda, kejin yana nan amma na wanke shi na kife. In Inna kake son ji, ka kira lokacin cin abinci, ɗanka zai kunna maka tare da tafin.

Allah ya sada mu da alheri, ya sa ka zo ka same shi da rai.

Ni ce ƙanwarka,
wadda ka bar wa gidan.